RUWA DA ƘARAMIN MANOMI A ƘASAR RIMA: WURNO, RABAH DA GORONYO

An shirya wannan ɗan littafi ne domin manoman ƙasashen Wurno, Rabah da Goronyo, da hakimai da dagatai da malaman gona waɗanda ke aiki a tsakaninsu. Maganar da ke ciki ita ce ta ruwa: inda ya ke fitowa, wanda ke riƙe da shi yanzu, da abin da ke sa mai gona eka ɗaya ko biyu ya ci amfaninsa ko ya rasa. Mutane da yawa suna zaton ƙarancin ruwa shi kaɗai ne ciwon wannan ƙasa. Amma ruwan da ke bi ta Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato kowace shekara ba kaɗan ba ne. Abin da ya fi karya ƙaramin manomi shi ne ruwa ya zo masa ba sanarwa, ko kuwa ya ƙi zuwa sa'ad da ya riga ya zuba iri yana jiransa.

TUDU DA FADAMA

Ruwan saman da a ke samu a wannan sashe bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba a shekara, watau inci 24 zuwa 28, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin kuwa rana da iska ne ke aiki. Idan aka bar ruwa a fili shekara guda, abin da za su shanye daga samansa zai kai zurfin wajen mita biyu. Saboda haka gonar tudu, inda a ke shuka gero da dawa da wake, ba ta da aiki sai na wata huɗu. In damina ta yi kyau rumbu ya cika. In ta tsaya da wuri, kamar yadda ta yi a farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, sai a sayar da akuya, a sayar da garma, maza su kama hanya.

Kama hanyar nan ba baƙon abu ba ne. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa malamai a kan manyan hanyoyi da mashigai suna ƙirga masu fita cin rani daga Lardin Sakkwato, aka sami mutum sama da 250,000, har da waɗanda suka ratso daga Nijar. Wanda ya ke da abin da zai riƙe shi a gida wata takwas na rani shi ne mai ɗan fili a fadama.

Mutanen dā sun san haka sarai. Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno wajen 1830, a kan tudu ya kafa shi, fadamar Rima tana shimfiɗe a ƙarƙashinsa, kuma a nan ya rasu a 1837. Rabah ma, garin da aka haifi Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, wanda ya riƙe hakimcinsa daga 1934, a bakin Gulbin Sakkwato ya ke. Gari a tudu, abinci a fadama: haka aka tsara zaman wannan ƙasa tun asali.

ABIN DA CIKAR GULBI KE YI

Ya kamata a fahimci aikin cikar gulbi, domin duk sauran maganar a kanta ta ke tsaye. A dā, cikin Agusta da Satumba, gulbi ya kan tumbatsa ya malale fadama mako da makonni. Shinkafar da aka shuka da farkon damina ta kan bi ruwan tana tsawo. Kifi ya kan fita daga gulbi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, masunta su sami tarwaɗa da karfasa idan ruwa ya soma janyewa. Ruwan kuma ya kan bar laka mai taushi a kan gonaki, taki ke nan wanda ba a saye. Bayan ya janye, manomi ya bi danshin ya dasa dankali da rogo da taba da albasa, makiyayi kuma ya sauko da shanunsa inda ciyawa ta rage ɗanya.

Akwai kuma aiki na biyu wanda ido ba ya gani, shi ne ma ya fi girma. Ƙarƙashin lakar fadama akwai yashi mai kauri. Muddin ruwa na kwance a sama, yana tsatsawa cikin wannan yashi har ya ƙoshi. Wannan shi ne ruwan da mai lambu ke tarar wa in ya haƙa rijiya gaba biyu ko uku a watan Janairu, shi ne jigo ke ɗebowa, shi ne kuma injin ban ruwa ke zuƙa a yau. Watau fadama rumbun ruwa ce, cikar gulbi ce ke zuba mata. Kuma wannan rumbu ya fi tafki kyau ta fuska ɗaya: rana ba ta shan abin da ke cikinsa, kuma ba sai an nemi izinin kowa a buɗe shi ba.

RABAH: SHEKARUN DA CIKA TA RAGU

A 1969 masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka gama binciken kwarin Sakkwato da Rima. Shawararsu ita ce a bi a hankali, a yi madatsa matsakaiciya, kada a rushe noman da mutane suka saba. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka zaɓi babban aiki. An kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara daga 1974 zuwa 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Labarin manoman da aka tasa, da rikicin diyya da ya kai ga asarar rayuka masu yawa a watan Afrilu na 1980, sananne ne.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na mutanen da ke ƙasa da madatsar, daga can har Sakkwato, ciki har da ƙasar Rabah. Su ba a karɓe musu gona ba, ba a tashe su ba, don haka ba wanda ya rubuta sunansu a takardar diyya. Ruwa kawai aka riƙe musu. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bincika wannan fadama, ya buga sakamakonsa a 1985. Ya nuna cewa daga cikin hekta 19,000 na fadamar, an rasa noman shinkafa a hekta 7,000, an kuma rasa noman rani a hekta 5,000. Inda a ke yankan shinkafa aka koma gero da dawa, waɗanda kuɗinsu bai kai nata ba. Kifi ya ragu, masunta da yawa suka yi ƙaura.

Dalilin a fili ya ke. Madatsa ta kan kama ruwan farkon damina domin ta cika cikinta, saboda haka cikar da ke isa ƙasa ba ta kai ta dā tsawo ba, ba ta kai ta daɗewa ba, kuma ba ta da ranar zuwa. Manomin da kakanninsa suka san wane kwari ne ke shan ruwa kowace shekara, wane ne sai shekara mai albarka, sai ya wayi gari iliminsa bai ƙara yi masa amfani ba. In ya shuka shinkafa ruwa ya ƙi zuwa, ta bushe. In ya shuka dawa aka buɗe ƙofofi, ta nutse.

GORONYO: SHEKARAR YAWA DA SHEKARAR RASHI

Gulbin Rima haɗuwar ruwaye ne. Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga ƙasashen Katsina da Zamfara. Gulbin Maraɗi kuwa ya kan tashi daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya wuce ta Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya. A kan ruwayen da ke ciyar da Rima akwai madatsar Zobe da ta Jibiya, kuma tun 1990 akwai yarjejeniyar da Nijeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri kan rabon ruwayen da suka haɗa su. Ashe ruwan da mai tafarnuwa a Goronyo ke jira ya riga ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso.

An gama madatsar Goronyo a 1984, aka buɗe ta a hukumance a 1992. Tsawonta kilomita 12 da rabi, tsayinta wajen mita 21, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, watau ninki biyu na Bakolori. Amfaninta ba abin musu ba ne. Gulbin da a dā ya kan yanke da rani ya zama tafkuna, yanzu yana gudu idan an saki ruwa. Da shi garin Sakkwato ke sha, da shi a ke noman rani har Argungu da Birnin Kabi, da shi kuma a ke shayar da filayen aikin ban ruwa na Tsakiyar Rima a sashen Falaliya.

Amma shekara biyu sun nuna iyakarta. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2010 aka yi ruwa mai yawa, madatsa ta cika, aka buɗe ƙofofi, sa'an nan wajen 8 ga Satumba mafitar ruwan ta karye. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki daga Goronyo zuwa Wurno, Kware, Wamakko da Silame, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya raba dubban iyalai da gidajensu. Wannan kuwa ya faru ne gero na gab da shiga rumbu. Bayan shekara takwas, a watan Maris na 2018, sai ga akasin haka: hukuma ta ba da sanarwar cewa ruwan madatsar ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na abin da ta ke ɗauka, abin da ba a taɓa gani ba tun gina ta. An danganta wannan ga ƙarancin damina ta 2017 da kuma yashi da laka da suka taru a cikinta.

A irin wannan shekara, ba sai an tambaya wa za a fara yanke wa ruwa ba. Ba za a bar birni ba ruwan sha. Mai lambu shi ne na ƙarshe a layi, kuma shi ne ya riga ya ci bashin iri da taki.

WURNO: RUWAN DA YA ƘI TAFIYA

Aikin ban ruwa na Wurno ya girmi madatsun nan biyu, tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa a ke yinsa. Filinsa ya kai wajen hekta 1,200, yana shan ruwa daga tafkin Lugu ta manyan magudanai. Shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwar Wurno sun san kasuwanni masu nisa. Ambaliya ta lalata madatsar Lugu a shekarun baya, manoma suka daɗe suna kukan gyara. Amma akwai wata cutar da ta fi ambaliya naci, domin ba ta zuwa da ƙara.

Kowane aikin ban ruwa hanya biyu gare shi: wadda ke kawo ruwa da wadda ke fitar da shi. Kowa na kula da ta farko, domin in ta toshe yau, gobe an gani. Ta biyu, watau lambatu, ba mai tuna ta. In laka da kacalla suka cika ta, ragowar ruwan ba ya da inda za shi, sai ya kwanta ƙarƙashin gona yana hawa a hankali. Da ya matso kusa da sama, ƙasa ta kan jawo shi kamar yadda lagwani ke jan mai, rana ta shanye ruwan, ta bar gishiri da kanwar da ke cikinsa. Shekara ta farko sai a ga fari-fari a bakin fangali. Ta uku shuka ta yi tsumburu a wuri-wuri. Daga nan sai ƙasa ta daskare, ruwa ya daina shigarta, mai gona ya ce taki ne ba shi da kyau, ya ƙara wani buhu, bai san ƙara wa ciwon ya ke yi ba. Masana ƙasa da suka auna filayen Wurno sun sami wannan cuta a waɗansu sassa. Maganinta ba ya cikin buhu. Sai an yashe lambatu, an wanke gishirin da ruwa mai kyau ya sauka ya fita, an zuba takin gida, kuma an daina ban ruwa fiye da bukata. Wanda ke kusa da bakin magudana ya kan cika fangalinsa har ya malala don tsoron gobe ba za a samu ba. Da haka ya ke kashe gonarsa da yawan ruwa, ya kashe ta na ƙarshen layi da ƙishi.

INJI DA RIJIYAR BUTUTU

Mafi yawan manoman rani na waɗannan ƙasashe ba a cikin filin hukuma su ke ba. Da kansu su ke neman ruwansu. Daga shekarun 1980 hukumar raya aikin gona ta jiha ta yaɗa rijiyar bututu, wadda a ke kafawa cikin yashin fadama a yini ɗaya, da ƙaramin injin fetur. Shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990, ya ƙara yaɗa su. Mutumin da jigo ke shayar masa da 'yan fangalai ya koma yana shayar da eka guda ko fiye. Gaskiya ita ce, wannan ƙaramin inji ya canja zaman ƙaramin manomi fiye da yadda manyan magudanai suka yi, kuma da kuɗi kaɗan ƙwarai.

Sai dai yana da iyaka biyu. Ta farko, injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8, kome ƙarfinsa. In ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da haka, sai a haƙa rami a saukar da injin, in ya ƙara sauka shi ke nan. To, ruwan nan kuwa shi ne wanda cikar gulbi ke zubawa. In cika ta ragu, injuna suka ƙaru, lissafin ba ya bukatar malami. Ta biyu ita ce tsadar mai. Da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da yawa. Waɗansu suka rage fili, waɗansu suka mai da injinsu mai aiki da gas, masu hali suka sayi na hasken rana. Na hasken rana yana da kyau, amma da ya ke ba a sayen mai, hannu ba ya saurin kashe shi, kuma rijiyar maƙwabci ita ke biya.

A kan wannan kuma ga matsalar tsaro. Harin Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, da na kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, sun ci rayuka da yawa, kuma mutanen ƙauyuka masu nisa sun bar gonakinsu na tudu sun taru kusa da manyan garuruwa. Fadamar da ke kusa da gari ita ce ta ɗauki nauyinsu.

YASHIN DA KE CIKA MADATSA DAGA TUDU YA KE ZUWA

Ba a gyara fadama a bar tudu. Ruwan da ya faɗi a kan gona tsirara ba ya shiga ƙasa, gudu ya ke yi, ya kwashi ƙasar sama ya yanka kwazazzabo, ya kai ta gulbi. Manomin tudu ya yi asarar ƙasa, madatsa ta yi asarar ciki. Maƙwabta na arewa sun gwada magani. A 1989 waɗansu manoman Illela ta ƙasar Tawa a Nijar, ba Illela ta Sakkwato ba, suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda a ke haƙa ƙananan ramuka a fako, faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, a zuba taki, a shuka gero a ciki. Suka komo suka yi, suna kiransa tassa, har filayen da aka yar suka koma ana saye da sayarwa. A ƙasar Maraɗi kuma, daga shekarun 1980, manoma suka koyi barin tohon itatuwa lokacin sassabe maimakon sare shi duka. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kwangila. Fartanya ce da taki da haƙuri.

RABON RUWA DA SANIN RANA

A kan Kogin Senegal, bayan an gama madatsar Manantali a ƙasar Mali a 1988, an yi ta sakin ruwa da gangan wajen watan Satumba domin fadamun da ke ƙasa su sha, ko da ya ke ba kowace shekara aka cika alkawarin ba. Wannan ya nuna madatsa tana iya kwaikwayon cikar gulbi in an sa manoman ƙasa cikin lissafi. Sakin ruwa mai ƙayyadadden lokaci, wanda aka sanar tun kafin shuka, yana iya shayar da shinkafa, ya cika yashin fadama, ya kuma rage wa madatsa nauyi kafin ruwan ƙarshen damina. Sanarwar kwana uku ta rediyo da bakin dagatai kafin a buɗe ƙofofi ba ta cin kome, amma ta isa a kwashe dami da dabbobi da injuna daga kwari.

Daga 2014, ƙarƙashin shirin TRIMING na Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya, an yi gyare-gyare a Bakolori da Tsakiyar Rima, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke tara kuɗin ruwa, su yashe ƙananan magudanai, su tsara wa kowa ranarsa. Tushen wannan ba baƙo ba ne ga ƙasar malamai, domin fiƙihu ya daɗe da tanadin cewa na sama ya sha gwargwadon bukatarsa ya sakar wa na ƙasa. Amma ƙungiya ba ta da amfani in manyan masu fili da na bakin magudana ne kaɗai ke magana a cikinta. Ya kamata a ba na ƙarshen layi kujera, da mai aron gona, da matan da ke sarrafa shinkafa, da Sarkin Ruwa a madadin masunta, da Arɗo, domin burtali da mashaya da aka toshe da albasa su ne farkon yawancin faɗan da a ke kai wa hakimi.

Abu na farko da ya wajaba shugabannin ƙungiya su nema daga ofishin Hukumar Kogunan, a rubuce, shi ne yawan ruwan da ke cikin madatsa a ƙarshen damina, da ranakun da za a saki, da ranar da za a rufe. Lokacin wannan tambaya shi ne watan Oktoba, kafin kowa ya ci bashin iri. Alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba domin ta yi ido cikin sanyin hunturu, in ta makara zafin Maris ya same ta. Tafarnuwar da aka dasa a Nuwamba tana bukatar ruwa har wajen Fabrairu. In amsar ofis ta nuna ruwa ba zai kai ba, manomi yana da sauran lokacin da zai rage fili, ko ya koma ga dankali da wake da kankana waɗanda ba su kai shinkafa sha ba.